A Jar Ƙasar Misiones Na Koyi Shan Mate

Duk mai kallon ƙwallon Turai ya taɓa ganin abin, ko da bai san sunansa ba. Messi ko Suárez zai sauko daga motar 'yan wasa, filas maƙale a hammata, hannu riƙe da wani ɗan ƙoƙo da bututun ƙarfe tsaye a cikinsa. Na sha jin samari suna musu a kai a gidan kallo, wannan ya ce magani ne, wancan ya ce wani sirri ne na ƙarin kuzari. A gasar cin kofin duniya ta Katar a 2022 jaridu sun ruwaito cewa tawagar Ajantina ta yi guzurin ganyen kusan kilo 500. Sunan ganyen yerba, abin da ake sha kuma mate. Ba na 'yan ƙwallo ba ne su kaɗai, na kowa ne a Ajantina da Yurugwai da Faragwai da kudancin Barazil, tun daga leburan gini har marigayi Fafaroma Francis.

Harkar injinan noma ce ta kai ni Buenos Aires a ƙarshen watan Agusta. Mu a gida damina ta yi tsakiya, su can hunturu ne ke shirin bankwana, da wata iska mai ratsa ƙashi da ke tasowa daga bakin kogi. Ɗan ƙanwata da ke karatu a kudancin Barazil ya zo ya tarye ni, shi ya zame mini baki da kunne, domin harshen Fotugal da ya iya ya buɗe masa ƙofar Sifaniyanci. Ban jima ba na lura mutanen birnin ba sa rabuwa da filas. A lambun shaƙatawa da shi, a ofis da shi, a garejin kanikawa yana ajiye kusa da sifana. Gidajen mai har da injin ruwan zafi, ka biya ka cika filas ka ci gaba da tafiya.

Tambayar da ta fara zo mini ita ce wadda za ta zo wa duk Musulmin da ya ga koren gari da bututu suna zagaya hannuwa: ba ya bugarwa? Amsar ta same ni ranar Juma'a a masallacin Sarki Fahad da ke unguwar Palermo, wanda aka buɗe a shekarar 2000. Bayan an idar da salla muka fito muka tarar da wasu dattawa a waje sun yi da'ira, ɗaya yana zuba ruwa yana miƙawa. Ɗan ƙanwata ya yi musu sallama, ya ce wa babbansu, "Ammu, kawuna ne daga Najeriya, yana tambaya kan wannan abin." Dattijon, wanda kakansa ya zo daga Siriya, ya yi murmushi ya ce abin da ke cikinsa shi ne abin da ke cikin shayi da gahawa, wato sinadarin kafin, yana wartsake mutum amma ba ya taɓa hankali. Ya ƙara da abin da ya ba ni mamaki: babu ƙasar da ta kai Siriya sayen yerbar Ajantina. Mutanen Sham da suka yi ƙaura zuwa Kudancin Amurka tun zamanin daular Usmaniyya, da wasunsu suka koma gida sai suka koma da ɗabi'ar, ta kama a ƙauyukan Siriya da duwatsun Labanan. Sai dai can kowa da ɗan kofinsa na gilashi da bututunsa, butar ruwan ce kawai ta tarayya.

Ganin ƙoƙon ya kusa zuwa kaina, yaron ya matso ya yi mini raɗa. "Kawu, kada ka juya bututun, ka bar shi yadda aka kafa shi. Ka shanye har ka ji ya yi ƙara, sannan ka mayar wa mai zubin, ba na kusa da kai ba. Kuma kada ka yi godiya sai ka ƙoshi, don da ka gode za a tsallake ka a zagaye na gaba." Na karɓa na zuƙa. Ɗaci ne irin na goro, ya fara kama harshe, can daga baya wani ɗan zaƙi ya biyo ta bayan maƙogwaro, tare da ƙamshin ciyawa da hayaƙi. Ruwan da ke ciki bai fi kurɓi uku ko huɗu ba. Kafin ƙoƙon ya sake dawowa an yi hira, an tambaye ni Kano, an tambaye ni Osimhen. Wannan jiran da ke tsakanin zubi da zubi shi ya fara sa ni son abin, tun kafin harshena ya yarda.

Da aikina ya kammala yaron ya ce gani ya kori ji, mu je inda ake noma shi. Muka hau motar dare a tashar Retiro, muka miƙe arewa kusan kilomita 1,000. Gari ya waye mana a wajen Gobernador Virasoro a lardin Corrientes, inda gandun Las Marías yake, masu yin yerbar Taragüí, waɗanda suka fara dasawa tun 1924. Na ɗaga labule na ga ƙasa ta rikiɗe ta zama ja wur, jan da yake rina takalmi da tayar mota da gindin gidaje. Duwatsun aman wuta ne na dā suka ruɓe suka bar ƙasa mai yawan ƙarfe. Wannan ƙasa, da ruwan sama mai yawa a kusan kowane wata, su bishiyar take so. Shi ya sa ba ta yin kirki sai a wannan lungu ɗaya na duniya, arewa maso gabashin Ajantina da gabashin Faragwai da kudancin Barazil.

Muka sauka a Apóstoles a lardin Misiones, garin da ake wa laƙabi da babban birnin yerba, inda ake bikin ganyen na ƙasa duk shekara. Baƙi daga Polan da Yukiren ne suka raya garin tun 1897, shi ya sa za ka ga fararen mutane masu sunaye masu wuyar faɗa, da coci mai ƙubba a tsakiyar jar ƙasa. Mai masaukinmu wata dattijuwa ce, jikar waɗancan baƙi. A ɗakin girkinta na ga yadda ake haɗa mate a tsanake, na kuma gane cewa yawancin ɗacin da ke korar sabon shiga ba laifin ganyen ba ne, laifin gaggawa ne.

Ta ɗora buta a wuta ta tsaya kusa da ita tana sauraro. Da butar ta fara 'yar ƙara, ƙananan kumfa suka fara bayyana a gindi, ta sauke ta juye a filas. "Señora," in ji ɗan ƙanwata, "kawu yana cewa ai bai tafasa ba." Ta ce, "Ɗana, faɗa masa ruwan da ya tafasa na shayi ne. In ka zuba wa yerba shi ka ƙona ta, zubi biyu za ta ba ka masu ɗacin tsiya, daga nan ta mutu." Zafin da ake so digiri 70 zuwa 80 ne. Wanda ba shi da ma'auni, in ruwa ya riga ya tafasa masa, sai ya sirka da ɗan ruwan sanyi.

Sannan ta zuba ganye har ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na ƙoƙon. Ta rufe bakin da tafin hannu, ta kife shi, ta girgiza, ta ɗago shi a hankali a karkace. Tafinta ya fito da koren gari. Hikimar ita ce, garin mai laushi ya taso sama, manyan ɓarɓashi da itace su koma ƙasa inda bututun zai zauna, don kada ya toshe. Ganyen kuma ya kwanta a jingine, gefe ɗaya tudu, gefe ɗaya kwari. A cikin kwarin ta ɗiga ruwa mai ɗumi kawai, ba mai zafi ba, ta ajiye ƙoƙon ta ci gaba da yanka burodi. Bayan kamar minti biyu ganyen ya sha ya kumbura. Sai ta ɗauki bombiya, wato bututun nan mai rariya a ƙasa, ta toshe bakinta da babban yatsa, ta cusa ta cikin kwarin har gindi, ta ɗan danna ta ƙarƙashin tudun. Daga nan ba ta sake motsa ta ba har aka tashi.

Ruwan zafin a jikin bombiyar take zuba shi, siriri, kaɗan kaɗan, ba ta bari ya hau tudun. Wannan shi ne abin da na fi so sabon shiga ya riƙe. Tudun nan busasshe ajiya ce. Duk lokacin da ɗanɗano ya fara raguwa sai mai zubi ya ɗan matsa da ruwan ya ci wani sabon yanki na busasshen ganye, ta haka cikin ƙoƙo ɗaya zai ɗauke ka har filas mai lita ɗaya ya ƙare. Wanda ya kwarara ruwa ya nutsar da komai a zubin farko ya fitar da ƙarfin ganyen gaba ɗaya, ya sha ɗacin da zai sa ya rantse ba zai ƙara ba, sannan abin da ya rage ya zama lami. Alamar ganye ya wanke ita ce kumfa ta daina tasowa, 'yan itatuwan kuma su riƙa yawo a saman ruwa.

Zubin farko ita ta shanye, domin shi ya fi ɗaci da ƙura, kuma ba a ba baƙo shi. Na biyu ta miƙo mini da bombiyar tana fuskantata. Ya bambanta da na Palermo, ya fi laushi a harshe. Ta ɗauko ledar ta nuna mini rubutun da ke jiki, con palo, ma'ana da itace a ciki. Dokar abinci ta Ajantina ta yarda irin wannan ya ƙunshi itace har kashi 35 cikin 100, kuma itacen ne ke sassauta ɗacin. Wanda aka tsince wa itace ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Shawararta ga mai farawa ita ce ya nemi mai itace, in ya ga an rubuta suave, wato mai sauƙi, ya fi, ya yi amfani da ƙaramin ƙoƙo, kuma kada ya ji kunyar sa ɗan sukari ko zuma ko busasshen ɓawon lemo a cikin kwarin. Akwai masu ganin mate mai sukari ba mate ba ne, sun kuwa yi yawa. Ita ta ce mahaifiyarta da sukari ta sha har ta bar duniya, babu wanda ya isa ya ce mata ba 'yar Misiones ba ce. Ni ina tare da ita. Gara mutum ya shiga ta ƙofar zaƙi ya riƙa ragewa, da ya tsaya a waje saboda tsoron masu tsanani.

Da la'asar wani maƙwabcinta ya kai mu gonarsa. A daji bishiyar tana iya kai mita 15, amma a gona ana sassabe ta ba ta wuce tsayin da hannu zai kai. Ganyenta kauri gare shi, yana sheƙi, gefensa da 'yan haƙora. Sai ta shekara huɗu zuwa biyar kafin a fara yanka. Babbar kakar yanka daga Afrilu ce zuwa Satumba, don haka mun tarar da masu yankan a bakin aiki. Tun duku-duku suke shiga, cikin raɓa da sanyi, da almakashi da zarto, su sare rassa, su karya, su tara a kan shimfiɗar buhu, su ɗaure kusurwa huɗu. Ƙunshi ɗaya yakan kai kilo 80 zuwa 100. Da awo ake biyansu, ba da yini ba, kuma sai an yanki ɗanyen ganye kusan kilo 3 kafin a samu kilo 1 na busasshe. Na ga hannuwansu. Na ga wani magidanci ya durƙusa an ɗora masa ƙunshin a baya. Idan kaka ta wuce da yawansu ba su da wani aiki sai wata shekara, kuma har yau ana fafutukar raba yara da wannan aiki. Ba na jin ya dace mutum ya riƙa zuƙar abin nan cikin jin daɗi bai san wannan ba.

Manomin shi ma da nasa kukan. Ya ba mu labarin yadda a 2001 da 2002 ƙananan manoma suka tuƙo taraktocinsu suka cika dandalin Posadas, babban birnin lardin Misiones, saboda farashin ganye ya faɗi warwas, har aka kafa hukumar yerba ta ƙasa, INYM, a 2002, aka ba ta ikon tsayar da farashin ɗanyen ganye. A Disamba 2023 dokar da gwamnatin Javier Milei ta fitar ta janye wannan iko. Ya ce yanzu mai 'yar gona shi da manyan masu injin niƙa ne a kasuwa, kuma kowa ya san wanda zai faɗi farashi. Yana magana yana zuba mana mate daga ganyen gonarsa.

Daga gona ganye ba ya kwana, dole ya isa wurin busarwa cikin sa'o'i 24, in ba haka ba ya yi baƙi. Can muka ga wata ƙatuwar ganga tana juyawa, harshen wuta na shiga ta bakinta. Ganyen yana ratsa wutar na 'yan daƙiƙoƙi, kana jin yana fashewa tas tas. Wannan babbaka ita ke tsayar da shi a kore. Daga nan a busar da shi sosai, a farfasa, a zuba a buhuna a jibge a rumbu. A nan ake rabuwa: mai haƙuri ya bar shi wata 9 zuwa shekara 2 ya nuna da kansa, mai sauri ya sa shi a ɗakin zafi ya fitar cikin wata ɗaya ko biyu. Wanda ya daɗe launinsa yana komawa ruwan ɗorawa kaɗan, ɗacinsa ya kwanta. Tsohuwar hanyar busarwa da hayaƙin itace har yanzu tana nan, masu son ta suna son ta saboda ƙamshin, amma ga sabon baki tana da nauyi.

San Ignacio tana kan hanyar da ta bi gaɓar kogin Paraná daga Posadas, tafiyar kamar sa'a guda. A can kangon San Ignacio Miní yake, garin da limaman Jesuit na cocin Katolika suka gina da 'yan ƙabilar Guaraní, da jan dutse sassaƙaƙƙe, wanda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1984. Guaraní su ne masu ganyen tun asali, suna shan sa suna fatauci da shi tun kafin Turawa su iso. Sifaniyawa da farko sun ƙyamace shi, har aka yi lokacin da gwamna ya haramta shi, sannan suka kamu, suka mai da shi babbar hajar yankin. Sai dai a daji ake samo shi, kuma 'yan ƙasa da yawa sun hallaka a wannan aikin tilas, suna ɗauko kaya daga dazuzzuka masu nisa. Ƙwayar irin bishiyar tauri gare ta, ba ta tsira cikin sauƙi, a daji sai ta bi ta cikin tsuntsu. Limaman nan suka gano yadda za a tsirar da ita, suka dasa gonaki kusa da garuruwansu. Da sarkin Sifaniya ya ba da umarnin korarsu a 1767 gonakin suka lalace, sanin ya ɓace, aka koma sarar daji fiye da shekara ɗari, sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka sake gano dabarar. A tsakanin nan ne, a 1822, wani Bafaranshe masanin tsirrai, Auguste de Saint-Hilaire, ya ba bishiyar sunanta na kimiyya, Ilex paraguariensis.

A bakin kogi a Posadas akwai wani dogon mutum-mutumin ƙarfe na Andrés Guacurarí, wanda suke kira Andresito, Baguarane da ya yi gwamnan Misiones daga 1815. Ranar haihuwarsa, 30 ga Nuwamba, ita ce ranar mate ta ƙasa. Tun 2013 ma doka ta ayyana mate a matsayin abin shan ƙasar. Da yamma gaɓar takan cika da iyalai da kujerun ninkewa, kowane gungu da filas ɗinsa.

Muka tsallaka gadar San Roque González, wadda aka buɗe a 1990, muka shiga Encarnación ta Faragwai. Ranar ta yi zafi duk da hunturu bai fita ba, kuma a nan na haɗu da abin da nake ganin ya fi dacewa da mutumin ƙasarmu. Sunansa terere. Ganyen ɗaya ne, amma da ruwan ƙanƙara ake sha, sau da yawa a cikin ƙahon sa da aka gyara. A bakin kasuwa mata na zaune da ɗan turmi da tarin ganyaye da saiwoyi, ka faɗi abin da ke damunka ko abin da kake so, su daka maka na'ana'a ko wani ganye mai ƙamshin lemo, su zuba a jug ɗin ruwan sanyi. Wannan sani na ganyayen magani da terere UNESCO ta karɓe shi a 2020 a matsayin gadon al'adar Faragwai. Ruwan sanyi ba ya fizgo ɗaci yadda ruwan zafi ke yi, don haka ko wanda bai taɓa sha ba yana iya shanye ƙaho ba tare da ya yamutsa fuska ba. Duk wanda ya san zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram zai gane abin da nake nufi. Da za a tambaye ni, sai in ce mai farawa a wajenmu ya fara da terere da na'ana'a, ya bar mai zafin sai iskar hunturu ta kaɗa. Ganyayen da mutum bai sani ba kuwa kada ya zuba don ya ga an zuba.

Ɗan ƙanwata ya tsaya kai da fata cewa na Barazil ya fi duka. Nasu, wanda suke kira shimarrawun, kore ne shar, laushi kamar gari, ba a ajiye shi ya tsufa, ana shan sa a babban ƙoƙo. Ɗacinsa kaɗan ne, amma haɗa shi sai gwani, don yana saurin toshe bombiya. Na Yurugwai kuwa, ƙasar da ta fi kowa sha in aka raba da yawan jama'a, babu itace a ciki, ƙarfi gare shi sosai, kuma yawancinsa daga Barazil suke sayowa. "Kawu, wannan sai ka shekara tukuna," in ji shi.

Akwai maganar lafiya da ba zan tsallake ba. A 2016 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa shan duk wani abu mai zafin da ya haura digiri 65 yana iya jawo cutar daji a maƙoshi. Zafin ne abin zargi, ko shayi ne ko mate. Bututun ƙarfe kuma yana kai ruwa kai tsaye cikin maƙogwaro, don haka a bar shi ya ɗan huce, a zuƙa a hankali. Sinadarin kafin ɗin da ke cikinsa yana taruwa, tunda zubi ne bayan zubi. Mai farawa kada ya sha da wofin ciki, kada ya sha bayan magariba in yana son barci, ya kuma san zai yawaita fitsari. Mai juna biyu da mai hawan jini ko bugun zuciya su tambayi likita. Batun haɗa baki a bututu ɗaya kuma, tun annobar korona ta 2020 su kansu sun sassauta, mutane da yawa kowa na yawo da nasa. In ba ka so, ka yi godiya tun farko, babu mai jin haushi. Abin da ba sa so shi ne ka karɓa sannan ka goge bakin bombiyar a gaban mai ita.

Kafin mu rabu da ɗan ƙanwata, shi ya nufi Iguazú da ke bakin iyaka ya tsallaka Barazil ni in koma Buenos Aires, muka shiga kasuwa a Posadas. Akwai ƙoƙuna na azurfa da na fata da ke jan ido, ba su ne na mai koyo ba. Na ɗauki na tangaran ɗaya, don ba ya buƙatar komai sai wanki, da bombiyar ƙarfe marar tsatsa wadda rariyarta ke kwancewa a wanke ta. Na ƙara da ƙoƙon duma ɗaya. Dumar nan ita ce dai wadda muke shukawa a gida muna yin ƙwarya da ludayi da gora, ba wata ba. Mai shagon ya ce sabon duma sai an hore shi: a cika shi da jiƙaƙƙen ganyen da aka riga aka sha, a ƙara ruwan ɗumi, a bar shi ya kwana ya yini, a zubar, a kankare ɓargon ciki da cokali, a maimaita sau biyu ko uku. Bayan nan ba a sa masa sabulu. Duk lokacin da aka gama sha a kwashe ganyen nan take, a ɗauraye, a goge, a ajiye shi a karkace inda iska ke shiga, don in aka bar shi da danshi ko aka kife shi zai yi fumfuna. A lokacin hunturunmu kuma kada a bar shi a rana, zai tsage.

Yerba na sayi mai itace, leda rufaffiya da tambarin kamfani, don ita ce ba ta jawo dogon bayani a filin jirgi. In an buɗe ta a juye a gwangwani mai murfi, a nisanta ta da daddawa da yaji da turaren wuta, domin ganyen yana ɗaukar warin duk abin da ya kwana kusa da shi.